Ƙananan Motocin Haɗi: Wasan Da Ke Koya Wa Hannu Aiki

In an gama girbi, kara ya bushe, kusan kowane gindin bishiya a garuruwanmu yakan zama gareji. Yara sukan zauna da reza suna fere ɓawon kara, suna soka shi cikin totuwa, kafin la'asar sai ga mota ta fito, har da ƙofa da sitiyari. Waɗansu da waya suke yin tasu, waɗansu da gwangwanin madara ko langa-langa, su yanko taya daga tsohon silifa. Da yawa daga cikinmu da muke iyaye yau mun yi wannan wasa. Amma kaɗan ne suka san a waɗansu ƙasashe irin wannan sha'awa ta zama babban abu, har akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, yin guntayen ƙananan motoci a zuba cikin kwali, yara da manya su saya su haɗa da hannunsu.

A wannan wata muna so mu ba da labarin waɗannan motocin haɗi, mu nuna yadda ake yinsu, sa'an nan mu duba amfaninsu ga gidan mai bi. Dalilinmu kuwa shi ne, yara da yawa yanzu suna girma hannunsu bai saba da kome ba sai gilashin wayar salula. Wannan abin damuwa ne, gama yaron da bai koyi gama aiki da hannunsa yana ƙarami ba, da wuya ya koya in ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mece ce motar haɗi?

Ta bambanta da ƙaramar motar ƙarfe da ake sayarwa a kanti, irin ta Matchbox, wadda yaro zai fitar daga kwali ya fara turawa nan take. In ka buɗe kwalin motar haɗi ba za ka ga mota ba tukuna. Abin da za ka tarar shi ne guntayen roba manne a jikin waɗansu sanduna kamar 'ya'yan itace a reshe, kowane guntu da lambarsa. Akwai bodi, da shasi, da inji, da kujeru, da sitiyari, da salansa, da gilasai, da tayoyi masu laushi, da takardar tambari, da kuma takardar da ke nuna yadda za a bi aikin daki-daki. Wani kwali guntayensa ba su wuce 30 ba, wani kuwa sun haura 100.

Robar da ake yinsu da ita sunanta folistarin. Akan narkar da ita, a tura ta da ƙarfi cikin mazubi na ƙarfe, ta bi ƙananan hanyoyi ta cika kowane gurbi, ta sandare. Wanda ya taɓa kallon masu zubin tukunyar alminiyam a kasuwa zai gane dabarar. Sandunan nan da guntaye ke manne a jikinsu, su ne hanyoyin da narkakkiyar robar ta bi.

Inda abin ya samo asali

A Ingila aka fara sayar da kayan haɗi na roba a 1936, amma na jiragen sama ne. Kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove ya kafa a 1939, ya yi ƙaramar tarakta irin ta Ferguson a 1949. Da fari a haɗe ake ba da ita, daga baya aka ga ya fi araha a sayar da guntayen mai saye ya haɗa da kansa. Daga nan kamfanin ya kama wannan hanya.

A Amurka kuwa motoci ne suka fi shiga ran yara. Kamfanin Revell, wanda Lewis Glaser ya kafa a Kaliforniya a 1943, ya fito da jerin tsofaffin motoci na haɗi a farkon shekarun 1950, aka saye su ƙwarai. Kamfanin AMT na jihar Mishigan, wanda aka kafa a 1948, ya fara ne da yi wa dillalan motoci ƙananan samfura domin su nuna wa masu saye, ko su ba 'ya'yansu kyauta. A 1958 sai AMT ya kawo wata dabara da ta sāke wasan duka. Cikin kwali ɗaya aka sa guntayen da za su isa a haɗa motar iri uku: yadda ta fito daga masana'anta, ko ta tsere, ko kuwa ta ado yadda mai haɗi ya ga dama. Yara suka ga ashe ba tilas ne motarsu ta yi kama da ta kowa ba. Cikin shekarun 1960 har kamfanonin nan suna neman shawarar mashahuran masu sāke fasalin motocin gaske, irin su George Barris da Ed Roth.

A Japan, Yoshio Tamiya ya kafa kamfaninsa a birnin Shizuoka a 1946, yana sana'ar katako. Daga kayan haɗi na katako kamfanin ya koma na roba, ya yi suna wajen bin gaskiyar kamannin mota. Da za su yi ƙaramar Porsche 934 wadda suka fitar a 1976, sai da suka sayi Porsche 911 ta gaske, suka kwance ta domin su auna sassanta. A Faransa ma akwai kamfanin Heller tun 1957.

Da wasannin bidiyo suka bazu cikin shekarun 1980, yara da yawa suka bar wannan wasa. Yau masu yinsa da yawa manya ne, har da tsofaffi waɗanda suka fara tun suna makaranta, suna kuma neman yadda za su koya wa jikokinsu.

Akwai wani abu da zai ba masu karatu sha'awa. Motocin Peugeot, waɗanda muke kira Fijo, da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, su ma a guntaye suke zuwa cikin akwatuna, ma'aikata su haɗa su bisa ga tsari. Watau aikin da yaro ke yi a kan ɗan teburinsa ƙanen wancan ne.

Ma'auni shi ne tushen aikin

A jikin kowane kwali za ka ga an rubuta lamba kamar 1/24 ko 1/25 ko 1/32 ko 1/43. Ma'anar 1/24 ita ce, kowane sashe na ƙaramar motar ya kasa na gaske sau 24. Inci 1 a jikinta yana madadin ƙafa 2 a jikin babbar. Kamfanonin Japan da Turai sun fi yin 1/24, na Amurka sun fi yin 1/25. Lamba ta ƙasa in ta ƙaru, motar raguwa take yi, saboda haka ta 1/43 ba ta kai ta 1/24 girma ba, ta 1/12 kuwa ta ninka ta tsawo.

Ga misali. Tsawon Peugeot 504 wajen mita 4 da rabi ne, watau santimita 450. In muka raba da 24 za mu sami kusan santimita 19. Tayar da tsayinta santimita 60 ne za ta koma santimita 2 da rabi. Mutum mai tsayin santimita 168 zai zama santimita 7. Yaron da ke kuka da rabawa a makaranta, in aka ce ya lissafa girman tayar motarsa, sai ka ga ya yi ba gardama, domin yanzu lissafin yana da amfani gare shi.

Yadda ake haɗawa

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa ƙarama mai kaifi, da abin yanke farce, da hantsaki, da sanfefa mai laushi, da tsinken sakace, da buroshi ƙanana biyu ko uku, da gam, da fenti. A shimfiɗa tsohuwar jarida, a sami faranti da za a zuba ƙananan guntaye kada su ɓace.

Abu na fari, a karanta takardar umarni daga farko har ƙarshe kafin a taɓa kome. Yawancin motocin da suka lalace a nan suka lalace, gama mai gaggawa yakan manne bodi, sa'an nan ya tuna bai sa kujeru ba. Bayan haka a wanke guntayen da ruwa da ɗan sabulu, domin sukan zo da maiƙo daga mazubi, fenti kuwa ba ya kama wuri mai maiƙo. A bar su su bushe.

Kada a murɗe guntu daga jikin sanda da hannu, zai yage. A yanke shi, a goge bakin da sanfefa. Kada kuma a cire guntu sai an zo kansa, gama lambarsa a jikin sanda take. Kafin a sa gam a gwada guntayen biyu a bushe, a ga sun zauna daidai.

Gam ɗin wannan aiki dabam yake da na takarda. Narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, guntayen biyu su haɗe su zama ɗaya, kamar walda. Saboda haka ɗigo ɗaya a bakin tsinke ya isa. In ya yi yawa zai cinye robar, in kuwa ya taɓa yatsa, yatsan ya taɓa bodi, shaidar za ta zauna har abada. Ba ya kama wurin da ke da fenti ko ƙyalli, sai an kankare wurin tukuna. Gilasai kuwa wannan gam yakan sa su yi hazo, haka ma gam mai saurin kamawa da ake sayarwa a tebur. Farin gam na kafintoci shi ya fi dacewa da su, domin in ya bushe ba a ganinsa.

Akan fara da inji, sa'an nan shasi da tayoyi, sa'an nan cikin mota, bodi ya zo daga ƙarshe. Ƙananan guntaye sun fi sauƙin fenti tun suna jikin sanda. Bodi kuwa a shafa masa fenti sirara-sirara sau biyu ko uku, ana barin kowane shafi ya bushe, maimakon shafi ɗaya mai kauri wanda zai zuba ya rufe layin ƙofofi. Fenti mai narkewa da ruwa yakan bushe da sauri, ba shi da wari sosai. Mai narkewa da mai yana bukatar kwana ɗaya ko fiye.

A ƙasarmu akwai abokan gaba biyu da ya kamata a sani. Na fari ƙurar hunturu, wadda takan sauka kan ɗanyen fenti ta mai da shi kamar sanfefa. Maganinta shi ne a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a kuma kife motar da kwano mai tsabta har ta bushe. Na biyu zafin rana. Motar da aka bari a bakin taga lokacin bazara, ko cikin motar gaske da aka rufe, za ta lanƙwashe.

Tambari shi ne aikin ƙarshe. A yanko shi, a tsoma a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, in ya fara santsi a zame shi daga takarda zuwa jikin motar, a danne a hankali da ƙyalle mai laushi.

Sāke wa mota fasali

Wanda ya haɗa mota biyu ko uku bisa ga takarda, sai ransa ya fara ba shi waɗansu shawarwari. A nan ne daɗin wasan yake. Wani yakan ɗauki tayoyin wannan kwali ya sa wa motar wancan, ko ya ɗauke injin wata ya dasa wa wata. Wani yakan rage tsayin motar ta kwanta kusa da ƙasa. Gwanaye har sukan yanke ginshiƙan rufi su rage musu tsawo, su sāke mannewa, su cike tsagar, su goge har ba a ganin wurin. Siririyar waya daga tsohuwar rediyo takan zama wayar fulogi. Guntun ƙyalle yakan zama shimfiɗar kujera.

Akwai kuma masu tsufar da mota da gangan. Sukan zana tsatsa a gindin ƙofa, su sa baƙin hayaƙi a bakin salansa, su shafa ƙura a tayoyi. Mu kam ba mu rasa abin kwaikwayo ba. Yaro yana iya ɗaukar mota ƙirar Japan ya mai da ita motar haya ta garinsu: ya yi mata kariya da waya, ya ɗora ƙananan buhuna da ya ɗinka, ya rufe da guntun leda a madadin tamfol, ya shafa jar ƙasar hanyarsu a jikinta, ya rubuta mata kirari a baya yadda direbobinmu ke yi. Kafin ya iya wannan sai ya tsaya ya dubi motar gaske da kyau, ya lura da inda laka ke taruwa da inda fenti ke fara koɗewa. Lura irin wannan ita ce farkon gwaninta a kowace sana'a.

Abin da iyaye za su kiyaye

Gam da fenti suna da tiriri mai cutarwa. Kullum a yi aikin a fili ko kusa da taga a buɗe, nesa da murhu da fitilar kananzir, gama suna kama wuta. Dukanmu mun san ɓarnar da shaƙar sholisho ke yi wa samari a garuruwanmu. Saboda haka gam ya zauna a hannun babba, a fito da shi lokacin aiki, a mayar in an gama. Wuƙa da reza ma haka, a koya wa yaro ya yi yanka yana nesanta kaifin daga jikinsa. Ƙananan guntaye kuwa hatsari ne ga jariri mai rarrafe, wanda kome ya samu baki yake kaiwa. A duba shekarun da aka rubuta a jikin kwali. Ga ƙanana akwai irin da ake haɗawa ba gam, guntayen shiga juna suke yi.

Sai maganar kuɗi. Waɗannan kwalaye daga waje suke zuwa, ba a cika samunsu a kasuwanninmu ba, sai an yi odarsu ta intanet ko an ba matafiyi saƙo, in kuwa aka juya kuɗinsu zuwa namu suna da tsada. Ba daidai ba ne a taɓa kuɗin makaranta, ko na abinci, ko na baiko saboda abin wasa. Maigidan da sha'awar ta kama shi, ya yi shawara da uwargida kafin ya saya. A ƙasashen da wasan ya yi ƙarfi akwai masu tara kwalaye fiye da abin da za su iya haɗawa duk ransu. Wannan ya tashi daga sha'awa ya zama kwaɗayi. Kwali ɗaya da aka gama ya fi goma da ke jibge a kan kabad.

In babu kwali fa?

Kada gidan da ba shi da hali ya ce wannan ba nasa ba ne. Abin da ya fi muhimmanci cikin wasan, watau ma'auni da tsari da haƙuri, ba a kanti ake sayensa ba. Uba ya ɗauki awo ya tafi da ɗansa wurin wani mai mota, su nemi izini, su auna tsawo da faɗi da tsayi, da tsakanin tayar gaba da ta baya. A gida yaro ya raba kowane awo da 24, ko da 10 in yana so lissafin ya yi sauƙi motar kuma ta yi girma. Ya zana ta a takarda ta gefe, ta gaba, da ta sama. Sa'an nan ya yanka sassan daga kwali mai kauri, ko gwangwani, ko kara, ko guntayen katako daga wurin kafinta. Bambancin wannan da motar kara ta dā shi ne, an yi ta bisa ga awo, ba da ka ba.

Wannan hanya tana da tarihi mai kyau. Daga 1930 zuwa 1968 wani reshen kamfanin General Motors mai suna Fisher Body ya riƙa shirya wa samarin Amurka gasa. Da fari keken doki na sarauta suke sassaƙawa, daga baya kuma motocin da suka zana da kansu, ladan kuwa har da kuɗin karatun jami'a. Chuck Jordan, wanda ya ci gasar a 1947, shi ne ya zama shugaban sashen zanen motoci na kamfanin daga 1986 zuwa 1992. A wajenmu ma akwai Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya yi karatun zanen motoci a Detroit, ya yi aiki a General Motors, aka kuma san shi da zanen samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Ba kowane yaro ne zai kai can ba, amma makanike mai lura, da kafinta mai awo, da tela mai tsabtar aiki, duk ƙasa tana bukatarsu. Kada kuma a ware 'yan mata. Hannun da ya iya saƙa da ɗinki ya iya wannan ma.

Aikin hannu a gaban Allah

Waɗansunmu sukan raina aikin hannu, su ga sai aikin ofis ne ci gaba. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. A Fitowa sura 31 mun ga Allah da kansa ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu da sassaƙar itace. Mutanen Nazarat sun san Ubangijinmu Yesu a kan masassaƙi ne, bisa ga Markus 6:3. Manzo Bulus kuma da ɗinkin alfarwa yake ciyar da kansa. A Luka sura 14 Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya lissafa ko yana da abin gamawa, don kada ya sa harsashi ya tsaya mutane su yi masa dariya. Yaron da ya karanta umarni kafin ya fara, ya jira fenti ya bushe, ya kuma daure har ya gama, zai fi saurin gane wannan misali.

Amma babbar riba ita ce zaman da uba zai yi da ɗansa. Iyaye maza da yawa ba sa magana da 'ya'yansu sai in faɗa za su yi. In kuna zaune a tabarma ɗaya, wannan ya riƙe bodi wancan yana sa gam, yaro yakan faɗi abin da ke ransa ba tare da an tambaye shi ba. Sai dai uba ya kiyaye, kada ya ƙwace aikin don yana ganin ya fi iyawa. Motar yaron ce. In taya ta karkace, a nuna masa inda kuskuren yake, a bar shi ya gyara, a kuma yaba abin da ya yi daidai.

Muna ba malaman makarantar Lahadi da shugabannin Boys' Brigade da Girls' Brigade shawara su gwada wannan a hutu mai zuwa. A raba yara ƙungiya-ƙungiya, kowace ta auna mota ɗaya ta yi ta da kayan da ke kusa, a roƙi wani makanike ko kafinta daga cikin ikkilisiya ya duba aikin ya ba da shawara. Ranar rufe hutu a jera motocin a harabar majami'a iyaye su zo su gani. Waɗanda suka gwada, su aiko mana da labari da hoto, za mu yi murnar nuna wa sauran masu karatu.